Yakuwa a Gaban Gida: Yadda Ake Shuka Ta Don Ado a N'Djamena

A watan Nuwamba, lokacin da ciyawar damina ta bushe, iskar hunturu ta fara kaɗowa daga arewa maso gabas, a daidai nan ne yakuwa take cika kyau. Karanta ja, rassanta cike da 'ya'ya jajaye masu sheƙi, kowanne zaune a gindin ganye da bakinsa mai tsini biyar. Furannin da ake saye da tsada wurin masu sayar da dashe a bakin titi sukan sha wuya a wannan lokaci, ita kuwa ko a jikinta. Duk da haka da wuya ka ga wanda ya shuka ta don kallo. Mun san ta a tukunyar miya, mun san ta a kofin buɗa-baki, mun san ta a buhu, wurin zamanta kuma bayan ɗaki ne ko gefen gonar gero. Ni dai ina ganin ta cancanci gaban gida, inda baƙo zai fara ɗora ido. A wasu ƙasashe masu sana'ar haɗa furanni har sayen rassanta suke yi da 'ya'yan a jiki don ƙawata ɗaki, alhali mu da muke da ita a ƙofar gida ba mu ɗaga kai mun dube ta ba.

Dole a fara da suna, domin a kasuwar garin nan suna ne ke sa a miƙo maka abin da ka zo nema ko a miƙo maka wani. Bahaushe ya bi shukar gaɓa-gaɓa ya raɗa wa kowace suna. Shukar da ganyenta yakuwa ce, a wajen Sakkwato, Katsina da Maraɗi kuma za ka ji ana cewa sure. Jan naman nan da ake jiƙawa a sha shi ne zoɓo ko zoɓorodo. Ƙwayar irin gurguzu ce, daddawar da ake yi da ita kuma daddawar batso. Amma in ka shiga Kasuwar Gero, wadda ake kira Marché à Mil, ko kasuwar Dembé, ka ce zoɓo, sai ka dace da Bahaushiya kafin a gane ka. Da Larabcin Chadi karkanji ake cewa, kuma shi ne sunan da kowa ya sani a N'Djamena, daga Farcha har Chagoua. Mai Faransanci zai ce oseille. Ka ƙetare gadar Nguéli zuwa Kuseri, sai ka ji follere a bakin masu Fulatanci, Barebari kuma su ce karasu. A Sudan da Masar karkade ne, a Senegal bissap, wurin Yarbawa isapa, a Gana abin shan sobolo ne. Mutanen Meziko, waɗanda ke sayen buhunan zoɓon Jigawa da Kano, jamaica suke kiransa. Masana tsirrai kuwa tun 1753 suke amfani da sunan da Linnaeus ya ba ta, Hibiscus sabdariffa. 'Yar gida ɗaya ce da kuɓewa, rama da auduga, kuma a riƙe wannan, don zai yi amfani in an zo maganar ƙwari.

Akwai abin da mai son ado ya kamata ya gane tun da wuri. Jan abin nan da muke gani ba shi ne ɗan yakuwa na ainihi ba. Riga ce da ke riƙe da gindin fure, wadda takan yi kauri ta cika da ruwa bayan furen ya faɗi. A cikinta kwanson iri yake, kore da fari, daga baya ya koma ruwan ƙasa. Kwanson ɗaki biyar gare shi, kowane ɗaki da ƙwaya uku ko huɗu. Ke nan ado biyu ne a jikin reshe ɗaya: na jar rigar, da na kwanson da ta ɓoye. Yawancin mutane na farkon kawai suka sani, na biyun sukan zubar da shi a bola bayan sun ɓare zoɓo.

Wajen neman iri ne aka fi yin asara. Gurguzun da ake aunawa da koro a kasuwa don yin daddawa sau da yawa gauraye yake, jar yakuwa da fara, wani lokaci har da irin rama. Ƙwayar yakuwa tana da siffar ƙoda, ruwan ƙasa ce mai duhu; ta rama kuwa ta fi kusurwa, launinta ya fi karkata ga toka. Wanda ya fi dacewa shi ne ka karɓi iri daga hannun wanda ka ga shukarsa da idonka a kaka, ka zaɓi mai manyan 'ya'ya, ja sosai har ya nemi baƙi. In hakan bai samu ba, tsiron da kansa zai gaya maka gaskiya: mai jan kara jan zoɓo zai bayar, mai koren kara kuma fari. Kada a raina farar. Tana da daɗin miya, kuma in aka sa gindi ɗaya nata a tsakiyar jajaye uku, jan yakan ƙara fitowa. Kafin shuka a ɗauki ƙwaya 10 a naɗe a tsumma mai laima, a ajiye a inuwa. In bakwai ko takwas suka tsaga cikin kwana biyar, irin yana da rai.

Wani gargaɗi kuma. Masu sayar da dashe suna da wata 'yar uwarta mai ganye ja jawur tun daga sama har ƙasa, Hibiscus acetosella. Kyakkyawa ce, ganyenta ma yana da tsami, amma ba ta yin rigar nan mai kauri. Wanda ya saye ta yana jiran zoɓo zai daɗe yana jira.

Lokacin shuka shi ne sirrin aikin duka, kuma a nan zan ɗan daɗe. Yakuwa ba ta yin fure don ta girma ko don ta ƙoshi da ruwa. Tsawon dare take bi. Muddin rana ta fi dare tsawo, ganye da rassa kawai za ta yi ta fitarwa. Sai yini ya gajarta, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sannan ta ɗauki fure. N'Djamena tana kan layi ɗaya da Kano, wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka kalandar manomin Kano tana aiki a nan, sai dai ruwanmu bai kai nasu ba. Abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Wanda yake son shuka mai tsayi, wadda za ta kai kafaɗar mutum ko ta wuce, ta yi rassa da yawa, sai ya shuka daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, bayan ruwa ya zauna. Mai famfo ko rijiya a gida yana iya farawa tun Mayu, amma ya sani ba zai riga kowa ganin fure ba. Shukarsa dai za ta fi girma. Wanda kuma wurinsa ƙarami ne, 'yar baranda ko gefen ƙofa, wannan ɗabi'a tata alheri ce gare shi. Ya bari sai ƙarshen Agusta ko farkon Satumba ya shuka a tukunya. Shukar ba za ta samu lokacin yin tsawo ba, za ta tsaya wajen gwiwa ko cinya, ta yi fure tare da manyan, ta ɗauki 'ya'ya daidai ƙarfinta.

Wannan ɗabi'ar ce kuma ta sa ba a shuka yakuwa a ƙarƙashin fitilar sola mai kwana a kunne. Hasken dare yana ruɗa ta, sai ta yi ta ganye, furen ya makara ko ya zo kaɗan. A nema mata wurin da rana ke duka yini guda, dare kuma ya yi duhu.

Sai ƙasa. Garin nan shimfiɗe yake a bakin mahaɗar Shari da Logon, ƙasar unguwanni da dama laka ce mai riƙe ruwa, wadda ke tsagewa da rani ta kuma zama taɓo a Agusta. Mutanen Walia da Toukra, da suka ga ambaliyar 2022, ba sai an yi musu bayani ba. Yakuwa tana jure ƙishi fiye da kuɓewa, amma ba ta jure kwana cikin ruwa. In gindinta ya jiƙe kwana biyu ko uku, sai karan ya yi baƙi daga ƙasa, shukar ta langaɓe, kuma ba ta dawowa. Maganin shi ne a ɗaga mata wuri. A yi kunya ko tudu mai tsayin taƙi ɗaya, santimita 20 zuwa 30, a gauraya lakar da yashi da ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu, wanda ya kwana biyu ya huce. Taki ɗanye yana ƙona tsiro, yana kuma kiran gara. In a tukunya ne, rabin duro ya fi, jarka mai lita 20 da aka yanke wa kai ita ma tana ɗaukar gindi ɗaya. A huda ƙasanta wuri huɗu ko biyar, a ɗora ta kan bulo don ruwa ya samu hanyar fita.

Shukar kanta ba wuya. Rami mai zurfin gaɓar yatsa, ƙwaya uku ko huɗu, a rufe, a danna kaɗan. Tsakanin rami da rami a bar taku ɗaya mai kyau, santimita 80 zuwa mita ɗaya. Masu noman ganye sukan cusa ta kusa da kusa, amma mai neman 'ya'ya yana bukatar iska da rana su ratsa kowane reshe. Cikin mako guda za ta tsiro. In ta yi ganye huɗu ko biyar sai a cire raunana a bar ɗaya ko biyu, waɗanda aka cire kuma su tafi tukunyar miya.

Da shukar ta kai gwiwa, a tsinke kan tsakiya da farce. Mutane da yawa suna jin tausayin yin haka, amma shi ke sa ta fitar da rassa ta ko'ina maimakon ta miƙe sanda ɗaya, kuma kowane reshe jerin 'ya'ya ne a gaba. Ana iya maimaitawa sau ɗaya a kan rassan gefe kafin ƙarshen Agusta. Daga nan a bar ta, don duk kan da aka tsinke a Satumba fure aka tsinke. Haka ma tsinkar ganyen miya: a ɗiba daga ƙasa, kaɗan-kaɗan, ko kuma a ware gindi biyu a bayan ɗaki don uwargida, a bar na gaban gida su huta. Game da takin zamani, ra'ayina a bar shi. Yuriya tana ba da ganye kore shar mai faɗi, 'ya'ya kuma 'yan kaɗan. Toka ɗan daidai a kewaye gindi ta fi amfani. In ruwan sama ya ɗauke a ƙarshen Satumba, kamar yadda yakan yi, a riƙa ban ruwa sau biyu a mako, a ƙoshar da gindin sosai, har 'ya'yan su gama cika. Ta tukunya kuwa kullum take sha, da yamma.

Ƙwarin yakuwa su ne na kuɓewa da auduga. Akwai 'yan ƙananan buzuzu masu tsalle da ke huda ganye. A jikin babbar shuka ɓarnarsu ba ta wuce muni ba, amma tsiro suna iya kashe shi, sai a barbaɗa masa toka da sassafe lokacin da raɓa ke jiki. Akwai jan ƙwaron auduga da ke taruwa a kan kwanso yana tsotsar iri. A kakkaɓe shi cikin bokitin ruwan sabulu. Akwai farin ƙwaro mai kama da gari da ke lafewa a kan toho har ganyen ya murɗe; a yanke reshen a ƙone. Ruwan 'ya'yan dogon yaro da aka daka aka jiƙa kwana ɗaya, aka tace, aka sa ɗan sabulu, yana rage su duka, kuma bishiyar ba ta da wuyar samu a titunan N'Djamena. Abin da za a ci a kuma sha, ba na son a kusance shi da maganin feshin auduga. Babban maƙiyi dai akuya ce. Tsamin ganyen yana jan ta, kuma cikin 'yan mintoci takan gama da aikin wata uku. In gidan ba ƙofa mai rufuwa, a kewaye da ƙaya ko zana tun ranar shuka.

Furen yakuwa na yini ɗaya ne. Yakan buɗe da safe, rawaya mai haske da jan ido a tsakiya, kafin la'asar ya koma ruwan hoda ya naɗe, washegari ya faɗi. Daga ranar rigar take fara kumbura, cikin mako biyu zuwa uku ta cika. Furen yana farawa daga ƙasan reshe yana hawa, shi ya sa za ka ga reshe ɗaya da manyan 'ya'ya a ƙasa, ƙanana a tsakiya, fure a sama. Wannan ne lokacin da shukar ta fi kyau a tsaye, kuma yakan ɗauki wata guda ko fiye.

Yanka don ado hanya uku ce, kuma kowace da lokacinta. Ta farko ɗanyen reshe. A zaɓi wanda yawancin 'ya'yansa suka cika suna sheƙi, a yanke da wuƙa mai kaifi da sassafe, tsawon kamu ɗaya ko fiye, a zage ganyen duka, don ganyen ne ke fara yaushi ya ɓata sauran. A tsoma gindin cikin ruwa mai tsabta, a riƙa sauya ruwan kowane kwana biyu ana ɗan datse ƙasan karan. A ɗaki mai inuwa zai wuce mako guda da kyansa. Don walima ko suna, babu abin da za a ɗora a tsakiyar tebur da zai fi shi.

Ta biyu busasshen reshe da rigarsa. A yanke kamar na farko, a zage ganye, a ɗaure biyar ko shida da igiyar rama, a rataye kai ƙasa a rumfa ko zaure, inda iska ke wucewa amma rana ba ta shiga. Rana tana cinye jan launin, ta bar shi fari-fari. Rataya kai ƙasa kuma ita ke sa karan ya bushe a miƙe. Da iskar hunturu, mako ɗaya zuwa biyu ya isa. A san abin da za a samu: rigar za ta motse, sheƙin ya tafi, jan ya koma mai duhu irin na busasshen zoɓon kasuwa. Kyau ne na daban, mai nauyi, kuma yana kai wa damina ta gaba in ba a bar shi a laima ba.

Ta uku ita ce na fi so, ita ce kuma ba a cika yi ba. Maimakon a tsinke ɗan gaba ɗaya, sai a bi shi a jikin reshe a yanka rigar da ƙaramar wuƙa a kewaye gindi, a zare ta, a bar kwanson a manne. Rigar ta tafi shanya don sha, reshen kuma a bar shi a jikin uwar har kwanson ya yi ruwan ƙasa. Da ya bushe sai ya tsage gida biyar, bakin ya buɗe kamar tauraro. A yanke reshen da zarar tsagar ta fara, a juya shi cikin ƙwarya a girgiza, gurguzun ya zube, a samu iri, a samu zoɓo, a samu ado, duk daga reshe ɗaya. Kwanson yana da 'yan gashi masu sa ƙaiƙayi, don haka a sa safar hannu ko a shafa mai, kuma kada a kai hannu ido kafin a wanke.

Wurin jerawa, tukunyar ƙasa ta fi gilashi dacewa da busasshen reshe. Matan Gaoui, ƙauyen Kotoko da ke wajen kilomita 10 arewa maso gabas da birnin, sun shahara da ginin tukwane, kuma tulu mai ƙaramin baki irin nasu yana riƙe rassa su tsaya cak. A zuba yashi a ciki don kada iska ta kayar. Rassan jar riga a tsakiya, na buɗaɗɗen kwanso a gefe, sai a ƙara abin da kaka ta bayar: busasshiyar kuɓewa da ta tsage a jikin karanta, zangarniyar gero biyu ko uku, kan jar dawa, reshen auduga da ta fashe, ko 'ya'yan bagaruwa. Kada a cika tulun. Rassa bakwai da sarari a tsakaninsu sun fi ashirin a cushe. Abin da ba zan yarda a sa ba, a gidan da yara ke rarrafe, shi ne zurma, zaƙami da idon zakara. Kwansonsu yana da kyau ƙwarai, amma ƙwayarsu guba ce mai kisa. Wannan ma wani dalili ne na fifita yakuwa, don ba guba a jikinta in yaro ya kai baki. Ƙurar hunturu kuwa a riƙa kaɗe ta da gashin kaza, ba da ruwa ba.

Rigar da aka zare a shanya ta kan tabarma mai tsabta, a inuwa mai iska, ba a kan ƙasa ba, a riƙa juyawa har ta yi ƙaras. Tana raguwa sosai: wajen kilo 10 na ɗanye ne ke ba da kilo ɗaya busasshe, saboda haka gindi biyar ko shida ba za su cika buhu ba, amma za su ba gida karkanjin da aka san inda ya fito, ba yashi ba ƙura.

Irin baɗi a ɗebe shi daga gindin da ya fi kowanne manyan 'ya'ya da duhun ja, kuma daga kwanson da ya bushe a jikin uwa. Yakuwa yawanci da kanta take barbarar kanta, don haka 'ya'yan sukan biyo uwa, sai dai in fara da ja suna manne da juna, nan akan samu ɗan gauraye. A sheƙe gurguzun, a ƙara shanya shi kwana biyu ko uku, a zuba a kwalba mai murfi tare da ɗan toka, a rubuta shekara a jiki, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da kwanon rufi, don zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana kashe iri. Bayan an gama girbi a tuge tsofaffin gindi da saiwarsu. In aka ga saiwar da ƙulle-ƙulle, tsutsar ƙasa ce, sai a ƙone su, kuma baɗi kada a mayar da yakuwa, kuɓewa ko tumatir a wannan wuri. A shuka gero ko dawa a nan shekara ɗaya, yakuwar a matsar da ita ɗaya gefen ƙofar.